Warware Zare da Abawa

Mutanen birnin Maradi, na Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka da Sabon Gari, ina gaishe ku. Gobirawan Tibiri, sannunku da hutawa. Manoman rani na Jiratawa, sannunku da aiki, Allah ya kawo kasuwar zogale.

Yau hirarmu a kan zare take. I, zare dai, wanda ake sa wa allura. Wanda ba tela ba kada ya kashe rediyonsa. Wanda bai taɓa riƙe allura ba ma ya matso kusa. Kafin mu tashi, zaren nan zai kai mu Ingila, ya biya da mu Bagadaza, ya dawo da mu ɗakin kakanninmu.

Ga abin da ya jawo maganar. Ɗiyar ƙanwata tana karatu a lise, wato makarantar sakandare. Ran nan da marece ta same ni a ƙofar gida, riƙe da ƙamus na Ingilishi. Ta ce, "Kawu, littafin nan ya yi kuskure." Na ce, "Ƙamus guda? Ke ce dai ba ki duba da kyau ba." Ta buɗe ta nuna mini. Na sa tabarau na duba. Na sake dubawa. Sai na yi shiru, don yarinya da gaskiyarta ta zo.

To, bari mu fara da kalmar da ta nuna mini. Wannan shi ne kashi na farko.

Ku lura, Ingilishi na ce, ban ce Turanci ba. A nan wajenmu, in dattijo ya ce yaro ya iya Turanci, sau da yawa Faransanci yake nufi. Kana tsallake Ɗan Isa ka shiga Jibiya, Turanci ya koma harshen Ingila. To yau harshen Ingila nake nufi.

Kalmar ita ce ravel. Baƙaƙe biyar: R, A, V, E, L. Ku ce "rabal", ba wanda zai kama ku. Ƙamus ya ce ma'anarta ta farko, a cukurkuɗa zare. Ya harɗe, ya sarƙe, a rasa bakinsa. Madalla. Sai ma'ana ta biyu, a ƙasa kaɗan. A warware zare. A raba shi sili-sili.

Kun ji? Kalma ɗaya. Da ita ake cukurkuɗawa, da ita ake warwarewa. Malaman Hausa suna kiran kalmomi irin su fari da baƙi kishiyoyi. To ga kalmar da ita ce kishiyar kanta. Mace ɗaya, ita ce uwargida, ita ce amarya, kuma kullum ana faɗa a gidan.

Abin bai tsaya nan ba. Masu Ingilishi suna da wani ɗan ƙari da suke liƙa wa kalma a goshi. Sunansa un, U da N. Aikinsa juya magana. Tie, ɗaura. Untie, kwance. Lock, kulle. Unlock, buɗe. Bisa wannan ƙa'ida, unravel ya kamata ta zama kishiyar ravel. Sai ga shi unravel na nufin warwarewa, ravel ma a ma'anarta ta biyu warwarewa ce. An sa ƙarin juyawa, magana ta ƙi juyuwa.

Daga ina kalmar ta fito? Ba ƴar asalin Ingila ba ce. Aro ta suka yi daga harshen mutanen Holan, wajen ƙarshen ƙarni na 16. Mata, kun san ƙasar. Ita ce mai atamfar nan ƴar Holan da kuke nema a babbar kasuwa in biki ya taso. Mutane ne masu tsohon tarihin saƙa da cinikin tufafi. A harshensu, kalmar tana nufin bakin tufa ya soma zarewa, ya yi geza-geza. Shahararren marubucin Ingila, Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ya yi aiki da ita ta fuska biyun. A wasansa Macbeth, zaren da ya hargitse take nufi. A wasansa Hamlet kuwa, warware asirin da aka ɓoye take nufi.

Yaya aka yi haka? Amsar tana cikin ɗakinki, uwargida. Ɗauko tsohon zanenki, wanda kalmasar bakinsa ta tafi. Dubi gefen. Zare ya soma fita ɗaya-ɗaya. Wannan warwara ce, ko ba haka ba? To wanke shi sau biyu, ki shanya, ki sake dubawa. Zaren da ya fita ya naɗe juna, ya yi ƙulli, ya dunƙule. Wannan kuma cukurkuɗewa ce. Abu ɗaya ne ya faru a gefen zane ɗaya. In kin tambayi zanen, zai ce miki warwarewa yake yi. In kin tambayi zaren, zai ce miki cukurkuɗewa yake yi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Mutanen Holan suka ba abin suna ɗaya, mutanen Ingila suka ɗauka da fuskokinsa biyu.

Na gaya wa yarinyar haka. Ta yi dariya ta ce, "Kai, Kawu, harshen nan nasu ba shi da kai. Mu Hausa ba mu da irin wannan." Na ce, "A'a, ɗiyata, yi a hankali. Wanda ke gidan kara ba ya wasa da wuta."

Masu sauraro, mun shigo kashi na biyu. Mun baro Ingila. Yanzu Tibiri za mu, ɗakin kakata, Allah ya jiƙanta.

Na tashi na iske ta tana kaɗi. Yaran yanzu, ku saurara, don yawancinku ba ku taɓa gani ba. Za a kawo kaɗa daga gona, wato auduga. Ta ɗora kan dutse ta gurje da ɗan ƙarfe, angurya ta fita. Ta shiɓe ta har ta yi laushi kamar gajimare. Sannan ta ɗauko mazari, ta shafa alli a yatsu, ta murza. Mazari na juyawa, zare na fitowa. Iri biyu take yi. Akwai siriri mai ƙarfi, wanda ya sha murza. Shi ne zare. Akwai mai kauri, mai taushi, wanda ba a matsa masa ba. Ita ce abawa.

Daga nan sai hannun masaƙi. Ya kafa turaku ya yi wadari, yana kai da kawowa da zare har tsawon ya isa. Ya ɗaura a masaƙa. Zare ya miƙe a tsawo. Abawa kuwa tana cikin ƙoshiya, tana ratsawa dama da hagu, dama da hagu. Zare a tsaye, abawa a gicciye. Haɗuwarsu ita ce tufa. Da ita aka yi gwado, da ita aka yi luru, da ita aka yi farin da ake kai wa marina.

To yanzu ku riƙe wannan hoton, ku ji maganar da muke faɗi kullum. In malami ya yi bayani har kowa ya gamsu, me muke cewa? In shaida ya tsaya gaban alƙali ya faɗi komai, bai rage ba? Mukan ce ya warware zare da abawa. Yabo ne. Har a labaran rediyo kuna jin ta.

Amma je ka wurin masaƙi. Ya kwana bakwai a kan gwado. Ka ce masa, "Malam, na warware maka zare da abawa." Ka ga ko zai gode maka. Wallahi sai dai ka yi ta kanka. Abin da a bakin malami ya zama haske, a masaƙa ɓarna ce tsagwaronta. Ba sauran gwado, sai tulin zare.

Ashe mu ma muna da ita. Kalmar ita ce warware. A nan zan daɗe, don nan ne naman yake.

Ku saurari waɗannan. Maras lafiya ya warware. Alhamdu lillahi. Baƙo ya sha fura ya warware gajiya. Madalla. Rikicin gado ya warware. Barka. An warware tabarma a ƙofar gida, hira ta yi daɗi.

Yanzu ku saurari waɗannan. Alwala ta warware. Sai a sake. Ciniki ya warware. Dillali ya tafi gida hannu rabbana. Alkawari ya warware. Baiko ya warware. Ɗinkin rigar sallah ya warware tun kafin a sauko daga idi.

Kalmar ba ta sauya ba. Ko baƙi ɗaya ba a taɓa ba. Amma rabi murna, rabi jaje.

Ga wani misalin da ya fi kusa da mu. Mu mutanen sarauta ne. Ga fadar Sarkin Katsina a nan Maradi, tun zamanin Ɗan Kasawa. Ga fadar Sarkin Gobir a Tibiri, garin da Mayaƙi ya kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Mun san rawani. Duk basarake, in dare ya yi ya shiga gida, yakan warware rawaninsa ya huta. Ba wanda ya taɓa jin tsoron wannan. Amma a ce an warware wa wane rawani. Gari ya ɗauka. An tuɓe shi ke nan. Rawani ɗaya, hannu yana zagaya kai iri ɗaya. Bambancin, hannun wa?

Ni kaina kalmar nan ta taɓa kunyata ni. Wani ɗan'uwana yana da matsala biyu a lokaci guda. Ga rikicin iyakar gona da maƙwabcinsa, an kai shekara ana ja. Ga kuma neman aure da ake yi wa ɗansa, har an kai goro. Wata safiya ya kira ni a salula. Layin ba kyau. Abin da na ji kawai, "Yaya, maganar nan ta warware." Ni kuwa gonar ce a raina. Na ɗaga murya na ce, "Alhamdu lillahi! Dama abin da nake ta roƙo ke nan!" Sai na ji shiru. Shirun ya yi tsawo. Ashe auren ne ya warware. Sai da na hau babur na je har gida na ba da haƙuri, kuma har yau uwar yaron in ta gan ni gaisuwarta gajera ce.

Da na yi tambaya ɗaya, da ban sha wannan kunya ba. Me ya warware? Ku riƙe ta, masu sauraro. Me ya warware?

Don ga yadda abin yake. Akwai abin da aka haɗa da niyya. Saƙa, ɗinki, alkawari, aure, alwala. In wannan ya warware, an yi asara. Akwai kuma abin da ya harɗe da kansa, ba wanda ya so. Ciwo, gajiya, rikici, rashin fahimta. In wannan ya warware, an huta. Saƙa daban, sarƙa daban. Hannu aiki ɗaya yake yi, jan sili daga sili. Kalmar sunan aikin hannun ce kawai. Ba ta gaya maka ko ka yi guɗa ko ka yi salati. Wannan sai ka dubi abin da ke hannun.

Kuma abin mamaki, unravel ta masu Ingilishi haka take sak. In ɗan sanda ya gano bakin zaren wata sata, da ita za su faɗa. In shirin gwamnati ya wargaje, da ita za su faɗa. Su da mu, ba wanda ya koya wa wani. Duk wanda ya taɓa zama da zare zai iso nan.

Ƴan'uwan warware ma ba su tsira ba. Ɗauki ƙulla. Ana ƙulla zumunci, ana ƙulla sharri. Ɗauki ɗaure. Ranar Asabar an ɗaura wa wane aure, ranar Litinin alƙali ya ɗaure wane a gidan kaso. Wanda aka ɗaure wa gindi ya samu gata, wanda aka ɗaure wa fuska ya samu akasin haka. Kwance ɗamara zaman lafiya ne, kwance wa mutum zane a kasuwa tonon asiri ne. Ga wanda ya fi ba ni dariya. In na ce kaina ya ɗaure, na rikice. To sai ka zaci in kan ya kwance an samu sauƙi. Ina! Wanda aka ce kansa ya kwance, sai a nemo masu riƙe shi.

Mata kuwa sun riga mu gane wannan. Ba a yin sabon kitso sai an yi tsifa. Mai tsefe kai ba ɓarna take yi ba, shiri take yi.

Bari in ɗan ratse, don akwai abin da ban so ya wuce ni. Muna cewa wane yana tufka da warwara, wato ya gina ya rushe, maganarsa ba ta tsayawa. Zargi ne, kuma daidai ne. Amma manomin Jiratawa, kai da ke tufka igiyar rama a cinyarka, duba hannunka da kyau. Kowane sili kana murza shi ta gefe ɗaya. In ka zo haɗa su biyu, sai su naɗe juna ta ɗaya gefen. Me ya sa? Don kowane sili so yake ya warware. Yana ƙoƙarin warwarewa, sai ya ƙara matse ɗan'uwansa. Ɗan'uwan ma haka. Da za ka naɗe su ta gefen da ka murza su, kana saki za su watse. Wato son warwara ne ke riƙe da igiyar da ka ɗaure akuyarka. In ka koma gida ka gwada da zare biyu, ka gani da idonka.

To, mun zo kashi na uku, kuma ba zan daɗe a nan ba. Shin mu da masu Ingilishi kaɗai ne?

A'a. Larabawa sun daɗe da zama a kan wannan. Suna kiran irin waɗannan kalmomi al-addad, wato kishiyoyi. Malam Ƙuɗrub na Basra, wanda ya rasu a shekarar 821 ta Miladiyya, ya yi littafi guda a kansu. Ibnul Anbari na Bagadaza, wanda ya rasu a 940, ya yi wani da ya fi shi girma. A cikin misalansu akwai jaun, mai nufin baƙi, mai kuma nufin fari. Kada ku ce wannan wasan malamai ne. A Suratul Baƙara, aya ta 228, inda aka yi maganar iddar matar da aka saka, an ƙirga ta da wata kalma, ƙur'u. A Larabci kalmar tana ɗaukar tsarki, tana kuma ɗaukar jinin al'ada. Malikawa da Shafi'awa suka tafi a kan tsarki. Hanafawa suka tafi a kan jini. Kun ga kalma mai fuska biyu ta shiga har cikin lissafin igiyar aure. Hukunci dai a tambayi malamai, ni harshen kawai nake nunawa.

Ƴan lakwal, Faransancinku ma bai kuɓuta ba. Hôte, shi ne mai masauki, shi ne baƙo. Louer, mai gida ya ba da haya, ɗan haya ya karɓi haya. Apprendre, malami ya koyar, ɗalibi ya koya. A nan Hausa ta ɗan fi su dabara, don takan sauya wutsiyar kalma. Na ari keke, na ara masa keke. Na sayi gero, na sayar da gero. Kunne yana jin bambancin tun kafin a kai ƙarshen magana.

Akwai kuma wata ta Ingilishi da mutanen Maradi suka ji a jikinsu. Sanction. A ranar 30 ga Yuli 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa ƙasarmu ita. Aka rufe iyaka, hanyar Katsina ta mutu, kaya suka yi tsada, sai a Fabrairu 2024 aka ɗage. Mu muka fassara ta da takunkumi, abin nan da ake saƙawa a ɗaure wa dabba a baki. To wannan kalmar, a wani wurin, amincewa take nufi. Hukuma ta sa hannu, ta ba da izini. Da ita ake hanawa, da ita ake yarda. Ka ga mai fassarar da ya yi gaggawa zai iya gaya wa jama'a an hana, alhali an yarda.

Shi ya sa na ga maganar ta cancanci shiri guda. Tun watan Maris 2025, kundin da ake mulkin ƙasar nan da shi ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ma'ana, fassara za ta ƙaru. Takardun ofis, takardun ciniki, takardar da ke cikin kwalin magani. Ƴaƴanmu na lise da na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su ne za su yi wannan aiki. To ɗalibi, in ka buɗe ƙamus, kada ka tsaya a ma'anar farko ka rufe. Sauka ƙasa. Karanta ta biyu da ta uku. Sannan ka koma cikin jimlar ka duba me aka saƙa, me ya sarƙe. In salula ce ke yi maka fassara, ita ma ka bi bayanta, don ba ta san auren wa ake nema ba, ba ta san gonar wa ake ja ba.

Ina kuma da magana da masu cewa Hausa ba ta isa a yi aikin ofis da ita ba, wai kalmominta suna da harshen damo. Ban yarda ba. Kun dai ji na Ingila, kun ji na Faransa, kun ji na Larabawa. Kowa da nasa damon. Ba a fasa rubuta doka da Ingilishi don ravel da sanction ba. Abin da suka fi mu shi ne sun zauna sun rubuta fuskokin kowace kalma, ɗaya bayan ɗaya, da misalai. Mu kuwa manyan ƙamusoshin da aka daɗe ana dogara da su, irin na Bargery na 1934, baƙi ne suka tattara. Kuma da yawa daga kalmomin kaɗi da saƙa suna bakin tsofaffi ne, tsofaffin kuwa tafiya suke yi.

Saboda haka ga roƙona kafin in sallame ku. In akwai tsohuwa a gidanku da ta taɓa riƙe mazari, ko tsohon da ya taɓa zama a masaƙa, a Maradi ne, a Tibiri ne, ko a Jiratawa, ku je ku gaishe su yau da dare. Ku tambaye su sunan kowane abu. Me ake kiran zaren da ya harɗe? Me ake kiran wanda ya tsinke a tsakiyar wadari? Me ake cewa in bakin gwado ya soma zarewa? Ku rubuta yadda suka faɗa, da Gobirancinsu ko Katsinancinsu, kada ku gyara musu. Ku kawo mana nan gidan rediyo, za mu karanta a shiri na gaba.

Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.